Ba a fafe gora ranar tafiya

Na fara aikin jinya a sashen masu fama da shaye-shaye na wani asibiti a nan Gombe jim kaɗan bayan Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, a watan Mayun 2018. Kwalba ta yi tsada, sai a ɓoye, iyaye kuma suka yi ta kawo mana 'ya'yansu daga Bolari, Pantami, Jekadafari, wasu tun daga Kumo da Dukku. Abin da na sani a lokacin shi ne abin da aka koya mini a aji. Mai shan kodin ko tiramol, kafin ya kwana ɗaya da dainawa zai fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi, ga zawo, barci kuma ya ƙaurace masa. Abin yakan tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin mako guda ko kwana goma. Da na ga yaro ya fara cinye tuwonsa, yana neman sabulu zai yi wanka, sai in ce a raina an gama.

Wani matashi mai tuƙa keke napep ne ya raba ni da wannan tunani. Ya yi kusan mako shida a wurinmu, ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Baffansa ya zo ya tafi da shi ana ta sa mana albarka. Ba a yi wata ba aka dawo da shi ranga-ranga, numfashi da ƙyar. Bai sha abin da ya wuce na da ba. Daidai adadin kodin da roci (ƙwayar sa barci) da ya saba haɗawa ya sha, sai dai jikin da ya huta mako shida ya riga ya manta da wannan nauyi, abin da a da yake ɗauka ya tafi aiki yanzu yana iya tsayar masa da numfashi. Na san wannan a takarda, amma ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ba, don ina ganin ambaton komawa ga wanda ya warke kamar mugun fata ne. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Da ya dawo hayyacinsa na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce, "Malam, a nan ku kuke tashina, ku ce ga magani, ga karin kumallo, ga lokacin hira. A gida da na idar da sallar asuba ba abin da ke jirana." Mai keken ya ba wani tun yana kwance. Inna ba ta bari ya shiga ɗakinta sai ta ɗauke jakarta, a gabansa. Mutum na farko da ya zo yi masa barka da arziki kuwa shi ne mai sayar masa da kayan, wanda ke binsa bashi. Ya ce kada ya damu da kuɗin, ya kuma bar masa "ɗan abin gaisuwa".

Tun daga nan, ranar da aka kawo mutum nake fara maganar ranar sallama. Nakan zaunar da wanda ya kawo shi in tambaya: wa ke binsa bashi, nawa ne, wa zai je ya biya ba tare da shi ba? Tsakanin la'asar da isha'i, lokacin da majalisa ke cika, ina zai kasance, tare da wa? Layin wayarsa fa? Wasu iyaye kan yi mamaki, su ce, "Malam, mu magani muka zo nema." Ni kuwa na ga yadda lambar waya ɗaya ta rushe aikin wata biyu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma ba ya yiwuwa ka ce wa saurayi ya bar abokansa alhali ba ka tanadar masa inda zai zauna ba. Ko garejin wani kawu ne, ko shagon ɗinki, ko rakiyar Baffa gona, a tsayar da maganar tun yana kwance, a san ƙarfe nawa zai fita.

Shirin zuciya ya fi wannan wuya. Na daina tambayar "me ya sa kake sha?", domin tambayar tuhuma ce, amsarta kullum sunkuyar da kai. Yanzu cewa nake yi, "Me take yi maka?" Lebura zai ce ƙarfi, da tiramol yake yini yana ɗaukar bulo bai ji ba. Matar aure, in ta yarda ta yi magana, takan ce barci, ko mantuwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A gadajenmu ba ka ganin wannan kaso, domin mace ana rufa mata asiri ne har abin ya ci ta. Duk wanda ba a gano ramin da ƙwaya ke cike masa ba, zai koma gida da raminsa a buɗe. Shi ya sa muke gaya musu tun da wuri cewa sha'awar za ta dawo, kamar hadarin Agusta, ta haɗo ta yi duhu, in an daure ta wuce. A san wanda za a kira a wannan lokaci, a san inda za a nufa da ƙafa.

Abu ɗaya nake roƙon iyaye a kansa: kada a kulle mai shan roci, ko dayazafam, ko giya mai yawa a ɗaki a ce ya daina dare ɗaya. Yanke waɗannan farat ɗaya na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga rai. A hankali ake rage su, a hannun likita. Mun ga abin da aka tarar a gidan marin Rigasa a Kaduna a watan Satumbar 2019, mutane ɗaruruwa, da yawa cikin sarƙa. Ita kanta giya, ai ba a rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki hukuncin ya sauka. Kuma da aka yi ta kawo wani sahabi saboda sha har wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) hana shi ya yi, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Nakan tuna wa iyaye mata wannan, musamman waɗanda bakinsu ya saba da "ɗan ƙwaya". Ba na ganin laifinsu, an sace musu, an kunyata su a unguwa. Amma yaro yana jin sunan da ake kiransa da shi.

Sallamar wancan matashi ta biyu mun yi mako uku muna shirya ta. Baffa ya je da kansa ya biya bashin, ya ce wa mutumin kada ya sake taka ƙofar gidan. Aka canza layi. Aka samo masa wuri a wajen wani mai walda, kuɗin da ya samu yana hannun yayarsa, tana ba shi na abinci kullum. Na gaya masa a gaban Inna cewa in har ya zame, kada ya kuskura ya sha adadin da, kada ya sha shi kaɗai a ɗaki a kulle, kuma ya zo washegari, ba wanda zai zage shi. Inna ta yi shiru, can ta ce, "To, ɗan nan, ka ji. Ni ma na ji."

Ya zame sau ɗaya, bayan sallar layya. Da safe ya zo da ƙafarsa, Inna na biye da shi riƙe da katinsa na asibiti.