Ilaktiron a cikin zobe: yadda yake bin hanya biyu lokaci guda

Idan na'ura ta yi ƙanƙanta, ƙasa da maikiromita ɗaya, aka kuma sanyaya ta sosai, ilaktiron kan tafi kamar igiyar ruwa. Zai rabu a bakin zobe, ya bi hannuwa biyu, ya haɗu a ɗaya gefen. In takun igiyoyin ya zo daidai wuta ta ƙaru, in ya saɓa su kashe juna.

Maganaɗisu ne ke juya wannan taku. Aharonov da Bohm sun yi hasashensa a 1959, sai a 1985 Richard Webb da abokan aikinsa a IBM suka gan shi a zoben zinariya mai faɗin nanomita wajen 800: turjiyar zoben tana hawa tana sauka duk sanda ƙarfin maganaɗisu ya ƙaru da militesla 7.6. Lissafin ba wuya, a raba h/e (lambar Planck, h, a kan cajin ilaktiron, e), wato weba 4.14×10⁻¹⁵, da girman filin da zoben ya kewaye. Zobe mai faɗin maikiromita 1 zai ba da wajen militesla 5.3.

Wurin aunawa ne aiki ke lalacewa. A sanyin milikelbin 50, ƙarfin zafi, wato makamashin da zafi ke ba ilaktiron, bai wuce maikiro-ilaktironbolt 4.3 ba, don haka zobe mai turjiyar om 30 kada a tura masa fiye da nano'amfiya 100, in ba haka ba wutar awon da kanta za ta ɗumama shi, alamar ta dushe. A auna a mita kamar haz 17, nesa da haz 50 na wutar gari. Ɗan gurɓin ƙarfe ko manganis a cikin zinariyar, ko da kaɗan ne cikin miliyan, ya isa ya wargaza takun.

A zafin Sakkwato na watan Afrilu, digiri 40 da ɗoriya, ƙarfin zafi ya kai mili-ilaktironbolt 27, zoben ƙarfe ba zai nuna komai ba. Amma ƙwayar benzin, zoben kabon shida da bai kai nanomita ɗaya ba, tana nuna wannan haɗuwar igiyoyi. A haɗa wayoyi a kabon na 1 da na 4, wuta ta wuce. A mayar 1 da 3, ta faɗi warwas.

A ganina daga nan ya kamata ɗalibin fiziks na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya fara, tunda lissafin benzin jadawalin lambobi shida sau shida ne, ƙaramar kwamfuta da Python sun ishe shi. Sai dai ya zana sakamakon a ma'aunin logaridim, domin a ma'auni na yau da kullum ramin haɗin 1 da 3 ba ya fitowa sosai.