Waƙoƙin mutanen arewacin Japan, da abin da suka tayar min a Kassala

Mu nan Sudan in aka ce Japan ba abin da ke faɗo mana a rai sai Toyota, wato boksin da ke jigilar mutane da buhunan dawa tsakanin Kassala da Gadarif, to amma ashe can arewacin ƙasar akwai talakawa manoma da masunta da suka sha wuya iya wuya, kuma wuyar tasu duk sun zuba ta cikin waƙa. Min'yo suke ce wa waƙoƙin nan nasu na gargajiya, na shiga sauraronsu a YouTube duk daren da intanet ya yarda, kuma wallahi tun ina yi don kashe lokaci har abin ya zame min jiki.

Yankin da ya fi kama ni shi ne Tsugaru, a yammacin jihar Aomori, can ƙarshen babban tsibirinsu ta arewa. Birnin Aomori dusar ƙanƙarar da ke sauka masa a shekara ta kan kai kusan mita 8, ku duba fa, mita 8, mu da sanyin watan ɗaya kaɗai ke hana mu fita asuba ba bargo. Kuma ba sanyin hunturu kaɗai ba, a wannan arewa tasu akwai wata iska mai sanyi da ke tasowa daga teku a tsakiyar damina, yamase, in ta daɗe tana kaɗawa shinkafa ba ta yin ido, shi ya sa tarihinsu cike yake da yunwa, irin ta shekarun 1780 da ta share ƙauyuka. A irin wannan ƙasa ne aka samu makafi da ake kira bosama, suna yawo ƙofa ƙofa da molonsu mai tsirkiya uku, shamisen, suna kaɗawa suna waƙa a ba su ɗan tsabar shinkafa. Da yake a waje suke kiɗan cikin iska, sai suka riƙa dukan tsirkiyar da ƙarfi da wani faffaɗan makaɗi don a jiyo su daga cikin gida, har dukan yana sauka kan fatar molon yana ba da amo, kuma wannan salon ne yau duniya ta san Tsugaru da shi.

Akwai wani Takahashi Chikuzan cikinsu, an haife shi 1910, ƙyanda ta taɓa masa ido tun yana ɗan ƙarami, ya yi wannan yawon bara da molo har tsibirin Hokkaido da ke arewa da su, sai da girma ya zo masa sannan mutanen Tokyo suka fara biyan kuɗi su zauna su ji shi, ya rasu 1998. Da na nuna wa Inna hotonsa ina ba ta labarin, ajiye tsintsiya ta yi ta karɓi wayar ta kanga a kunne, can ta ce “Allah sarki, ai wannan irin makafinmu ne na ranar Juma'a, Allah ya sa dai sun ba shi da yawa.” Na ce Inna ai har Amurka ya je ya yi wasa, ta ce to madalla, wanda ya sha rana shi ya kamata ya sha inuwa.

Shahararriyar waƙar mutanen Tsugaru, Jongara Bushi, tun daga bakin farko take faɗa maka cewa waƙar alfahari da gida ce, kuma cikin baitocin da ake sa mata za ka ji dutsen Iwaki mai tsayin mita 1,625 da gonakin tuffa, don fiye da rabin tuffar Japan daga Aomori take fitowa. Ba sarki ake wasawa ba, ba attajiri ba, dutse ne da itace da 'yan matan ƙauye, wannan ya burge ni ƙwarai.

Sai Soran Bushi ta masuntan Hokkaido, ita kam waƙar aiki ce zalla. Da bazara wani kifi da suke kira nishin yana tururuwa zuwa gaɓar teku, 'yan cirani daga Aomori da maƙwabtanta suna hayewa su yi 'yan watanni suna kwasa, a 1897 an kama sama da tan 900,000, yawancinsa ma ba ci ake ba, dafawa ake a matse a shanya ya zama taki a kai kudu a zuba wa auduga da baba. Waƙar ana yin ta ne lokacin da ake kwaso kifin daga babbar koma ana juyewa cikin jirgi, mutum ɗaya ya bayar saura su amsa da “dokkoisho” don hannu ya zo ɗaya kuma kar barci ya kwashi wani ya faɗa ruwan sanyi. Kawuna da yaƙi ya taso shi daga Maiwurno, can wajen Sinnar, yake zaune wurinmu, masunci ne tun tasowarsa, ban gaya masa komai ba na dai kunna masa, bai yi minti guda ba ya fara gyaɗa kafaɗa yana jan hannu baya daidai inda suke amshi, ya ce “ɗana, waɗannan wani abu mai nauyi suke ja, ka ji inda suke sauke numfashi.” Kalma ɗaya bai sani ba ta yarensu amma ya gane aikin. A shekarun 1950 kifin ya ɗauke ƙafa, garuruwan sunta suka mutu, waƙar kuwa tana nan, yaran makaranta ke rawarta a duk faɗin Japan, a Sapporo babban birnin Hokkaido ma tun 1992 ake biki duk watan 6 da ita a ciki.

A jihar Iwate kuma masu kora shanu ne, suna labta musu gishiri daga bakin teku su bi ta duwatsu zuwa cikin ƙasa wajen Morioka, waƙarsu a hankali take tafiya daidai takun sa, kuma abin da take cewa shi ne eh ƙauye ne ƙasarmu ta Nanbu, wato tsohon sunan yankin, amma gabas da yamma duwatsun zinariya ne. Yamagata suna da ta masu tuƙa jirgi a kogin Mogami, Fukushima suna da ta dutsen Bandai, haka dai kowane lungu da tasa.

To abin da ya tsaya min a rai shi ne suna. Mutanen nan 'yan birni sun daɗe suna musu kallon ƙauyawa masu karkataccen harshe, amma ba su bar dutse ko kogi ko sana'a ba sai da suka kira sunansa a waƙa da wannan harshen nasu da ake wa dariya. Mu fa? Kassala ba ta rasa waƙa ba, mawaƙan Sudan sun wasa dutsen Taka da kogin Gash da ruwan Totil da ake cewa duk wanda ya sha sai ya dawo, muna ji muna rerawa kuma namu ne, sai dai duk da Larabci ne. A gidanmu in tsofaffi suka ɗauko waƙa da Hausa, ta daka ce ko ta reno ko ta biki, garuruwan da ke ciki Kano ne da Sakkwato da Katsina, garuruwan da Inna kanta ba ta taɓa takawa ba. Alhali tun bayan yaƙin Burmi na 1903 kakanninmu suka biyo hanyar gabas, Maiwurno ta haura shekara 100 a bakin kogi, mun tsinci auduga a Jazira, mun yanki riɗi a Gadarif har hannu ya yi kanta, mun binne iyaye a ƙasar nan, ya kamata a ce yaro ya tashi yana jin sunan garinsa a bakin uwarsa da harshen da take masa faɗa da shi. Yanzu da yaƙi ya warwatsa mu, wasu Bor Sudan wasu Masar wasu Jidda, abin ya fi ci min rai, don akwai yaran da za su girma ba su san kalar ruwan kogin ba in ya kawo da damina.

Su mutanen Japan ba haka kawai waƙoƙin suka tsira ba, tsayawa suka yi a kai. Ƙaramin garin Esashi a Hokkaido tun 1963 suke gasar ƙasa baki ɗaya a kan waƙa guda ɗaya tak, Esashi Oiwake, mutane su taso daga ko'ina kowa ya rera ita ɗin dai alƙalai na saurare, a birnin Hirosaki na Tsugaru kuma ana gasar masu molon Tsugaru duk watan 5. Na san akwai masu cewa gasa tana daskarar da waƙa, ta raba ta da gumin da ya haife ta, kuma da gaskiyarsu, wanda ke Soran a dandamali da tsabtatattun kaya ba ya jin abin da masunci ya ji, amma ni dai gara wannan da a ce ta bi kifin ta ɓace.

Kawu ya ce akwai waƙoƙin da suke yi in suna jan koma da dare, har da wadda ke kiran sunayen mashigai da tsibiran da suke yada zango daga Maiwurno zuwa Sinja, ya yarda zan ɗauke shi a waya amma da sharaɗin sai an samo masa mutum biyu uku masu amshi, wai waƙar ba ta yiwuwa da baki ɗaya. Don haka duk wanda ya san wani masunci ɗan wajen Sinnar da ke zaune a Kassala yanzu, don Allah ya gaya masa ana nemansa ranar Juma'a bayan la'asar, jabana, wato gahawarmu, a kaina.