Aljanar fim ma tana da dalilinta

A rubutun fim ɗin tsoro na farko da na yi, aljanar ta fito tun a shafi na biyu, da farin mayafi da kofato da dariya. Daraktan da ya karanta ya tambaye ni, to daga nan sai me? Na rasa amsa. Sauran shafukan duk maimaici ne, ta fito, a yi ihu, ta ɓace.

Ƙannena masu sha'awar wannan fanni, ku riƙe lissafin nan: shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. In fim ɗinku na minti 90 ne, shafi 20 zuwa 25 na farko na ɗan Adam ne. A nan za mu san jarumar, kamar amaryar labarina da aka kai wani tsohon gida, mu ga tana da juna biyu, mu ga ba ta da wanda za ta kai wa kuka a garin. Ni ban yi haka ba, shi ya sa da aljanar ta shaƙe ta ko gezau mai karatu bai yi ba.

Sannan ku ba abin tsoron dalili da doka. Ba sai kun aro daga Amurka ko Indiya ba, da su muka tashi: kada a zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, kada a zauna gindin tsamiya da magariba, kada a amsa kiran dare. A ce amaryar ta watsa tafasasshen ruwa a magudana, ya ƙona ɗan aljana. Yanzu akwai bashi, kuma mai kallo ya san abin da za a nema a biya da shi. Daga nan tsoro ya riƙa hawa a hankali. Yau ta tarar da tulun da ta cika ba ko ɗigo. Gobe tuwon da ta rufe da faifai an ci rabi, da shatin ƙananan yatsu a jiki. Jibi muryar mahaifiyarta da ta rasu ta kira sunanta daga bayan ɗaki. Fuskar aljanar ku ɓoye ta sai can gaba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ƙarshen. Na kawo malamin da ba a taɓa gani ba, ya yi ruƙiyya, komai ya lafa. Addu'a tana da muhallinta a labarinmu, amma sa'a guda mai kallo yana biye da amaryar nan, ita yake jira ta yi wani abu. Ku shigo da malamin a tsakiya, ya koya mata Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ya gaya mata abin da ta ɓata. A daren ƙarshe kuwa ku bar ta ita kaɗai a ɗaki, mijin ya yi tafiya, muryar uwarta na kira, ita za ta zaɓi ta amsa ko ta daure.