Yadda na tantance ɗan kwangila kafin na ba shi rufin gidanmu

Da muka yanke shawarar sauya kwanon rufin gidanmu a Kano tare da sake yaɓen bangon waje kafin faɗuwar damina, 'yan uwa sun haɗa ni da 'yan kwangila, kuma kowannensu ya zo da hotunan gidaje masu kyau a wayarsa. Hoto ba ya faɗin wanda ya yi aikin, saboda haka na fara da takardu.

Na nemi lambar rajistarsu ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, wadda take da shafin bincike a intanet da kowa zai iya shiga ya duba suna. Lambar da ta fara da RC ta kamfani ce, ta BN kuma ta sunan kasuwanci. A nan na sallami mutum ɗaya, domin sunan da ke kan takardar farashinsa dabam ne da na asusun bankin da ya ce a tura kuɗi, kuma bai ba ni bayani mai gamsarwa ba. Sai dai rajistar CAC shaida ce kawai cewa kasuwancin yana nan a hukumance. Ƙwarewar magini hukumar rajistar magina, wato CORBON, wadda aka kafa a 1989, ke tabbatar da ita, ta injiniya kuma hukumar kula da aikin injiniya, wato COREN. Kafintoci nagari da yawa ba su da ko ɗaya, sai takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, kuma ban ɗauki hakan a matsayin aibu ba.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne zuwa ganin tsohon aiki. Na roƙi adireshin gidajen da rufinsu ya ga damina biyu ko fiye, domin sabon kwano duk kyau gare shi, sai iskar farkon damina da ruwan Agusta sun bi ta kansa ake sanin yadda aka kafa shi. Na duba silin ko akwai tabon yoyo, na duba bakin indararo da inda kwano ya haɗu da bango, sannan na tambayi masu gidajen ko ɗan kwangilar ya dawo gyara da suka kira shi bayan ya karɓi cikon kuɗinsa. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, sau ɗaya na kira shi, washegari ya zo da tsaninsa." Na kuma tambayi masu sayar da katako da yake hulɗa da su ko yana biyan bashi, domin wanda ake bi bashi a kasuwa yakan toshe ramin da kuɗin aikin da ke hannunsa.

A yarjejeniyar da muka sa wa hannu gaban shaidu, ni da ɗan kwangilar da na zaɓa, an rubuta kaurin kwanon alminiyum milimita 0.55, domin na 0.45 ya fi araha kuma ido ba ya bambanta su da sauƙi. An auna shi a gabana ranar da aka sauke kaya. Kuɗin kafin alƙalami bai wuce na sayen kaya ba, sauran an biya shi daki-daki, kuma ya amince in riƙe kashin ƙarshe har sai an yi ruwa mai ƙarfi na farko.