Abin da aikin share malalar mai a Ogoni ya koya min

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a aikin share malalar mai dai wallahi bai sani ba, kuma wannan ne babban abin da na koya lokacin da nake ɗibar samfurin ƙasa da ruwa a yankin Ogoni, jihar Ribas. Za ka zo fili ka ga ciyawa ta fito kore shar, an ce an gama aiki har an ɗauki hoto, amma da ka sa abin haƙa ka ɗan yi ƙasa sai ka ciro ta baƙa ƙirin tana maiƙo, safar hannunka ta yi danƙo, warin kuma ya sa kanka ya dinga sarawa har dare.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce a tone ƙasar sama, a juya ta, a zuba taki, a bar bakteriya su cinye man a hankali, kuma tana aiki fa in man bai nutse ba, amma wurin da ruwan sama yake sauka kamar da bakin ƙwarya ina mai zai tsaya a sama? Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a 2011 ya samu gurɓata har zurfin mita 5 a wasu wuraren, a Ogale kuma mutane suna shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin, wanda yake jawo ciwon daji, ninki 900 na ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya, WHO. Shell fa, wato kamfanin man da ya yi aiki a yankin, ta daina haƙo mai a Ogoni tun 1993, bututun ne suka ci gaba da ratsawa suna yoyo. Shi ya sa UNEP ta ce gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30, dala biliyan 1 kuma ta shekara biyar ɗin farko ce kawai.

Maganar diyya ita ta fi tsaya min a rai. Mutanen Bodo, wani gari a Ogoni, bayan malalar 2008 da 2009, sun kai ƙara Landan, a 2015 Shell ta amince ta biya fam miliyan 55, a kunne kuɗi ne masu yawa, amma da aka ware miliyan 20 don al'ummar garin, aka raba sauran miliyan 35 ga masunta sama da 15,000, kowa kusan fam 2,200 ya tashi da shi. Mutumin da sana'arsa kenan tun kaka da kakanni, itatuwan mangurof ɗin da kifi yake ƙwai a gindinsu sun mutu sun zama kututture, matarsa da take tsintar dodon koɗi ta kai kasuwa ita ma ta zauna, kuɗin nan shekara nawa zai riƙe gida?

Tunda aka ƙaddamar da haƙo mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2022, abin da nake ta faɗa wa ƴan uwa na can shi ne a matsa a gwada ruwan rijiyoyi da ƙasar gonaki tun yanzu, a ajiye sakamakon a hannun hakimi da ƙaramar hukuma, don in an samu malala gobe kamfani zai tambaya ne yaya ruwan yake kafin ya zo, kuma takarda kotu take nema.