Kafin a Ɗora wa Batir Laifi

Sana'ata gyaran wutar mota ce, abin da a gareji ake kira rewaya, kuma ina da ɗan shago a cikin birnin Kano inda nake aiki tare da yara huɗu. A da yawancin abin da ake kawo mana bai wuce fitila da kikstata da altaneta ba, amma tun da sola da inbata suka yawaita a gari, sai wani irin aiki ya fara shigo mana, wato motocin da aka mayar ɗakin kwana ko wurin aiki. A Turai da Amurka kamfani ne ke ƙera irin waɗannan motoci da gadonsu da wurin girki da firji. A nan kuwa akasari bas ce ƙirar Toyota Hiace ko Coaster ake cire wa kujeru, kafinta ya yi nasa aikin, sannan a nemi mai haɗa wuta. Masu asibitin tafi-da-gidanka suna kawowa saboda firjin magani, masu ɗaukar fim suna kawowa saboda kwanan ƙauye, haka ma 'yan kasuwar da ke bin kasuwannin mako.

Kowace irin wannan mota tana da batir iri biyu, kuma rashin bambance su shi ne mafarin yawancin matsalolin. Batirin gaba aikinsa tayar da inji, yana ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan, altaneta ta mayar masa nan take. Na baya, wanda muke kira batirin ɗaki, an yi shi ne don a riƙa jan wutarsa sannu a hankali tsawon dare, shi ya sa farantan darmar cikinsa suka fi kauri. Wanda ya sa batirin tayar da mota ya riƙe masa firji da fanka har asuba, cikin 'yan watanni zai kashe shi. Ko na ɗakin ma, in dai na darma da ruwa ne, ba a so a ja fiye da rabinsa, don haka mai amfiya 200 a rubuce, 100 ne rabon mai shi in yana son ya daɗe.

Bara wani bawan Allah mai sayar da atamfa a kasuwannin ƙauye ya kawo mini Hiace ɗinsa, ransa a ɓace. Ya ce mini, “Malam, batiran zamanin nan duk na banza ne. Uku ke nan na saya cikin shekara guda, kowanne ba ya kai ni tsakar dare.” Na ce masa, “Alhaji, ka yi haƙuri ka ba ni awa biyu da motar nan, kada ka sayi na huɗu sai na auna.”

Abin da na fara yi shi ne ɗora mitar awo a kan batirin ɗaki bayan ya huta. Batirin darma mai bolt 12 yana da gidaje shida a ciki, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, saboda haka cikakke yakan nuna 12.6 ko 12.7. In ya nuna 12.2 ya kusa rabi, in kuwa ya faɗi ƙasa da 12 to an wahalar da shi. Nasa ya nuna 11.9, alhali ya ce mini daga Wudil ya taso da safen nan, injin yana aiki duk hanya. Na sa yaro ya tayar da mota ya ɗan taka totur. A kan batirin gaba na samu 14.2, wanda ke nuna altaneta lafiyarta ƙalau, domin abin da ake nema tsakanin 13.8 ne zuwa 14.4. Da na koma baya sai na ga 12.9. Ashe bolt 1.3 na ɓacewa a tsakanin gaban mota da bayanta, kuma da 12.9 ko Legas za a kai batir ba zai cika ba.

A nan ne nake so duk yaron da ke koyon aikin nan ya natsu. Mutane da yawa sukan gwada waya da kwan gwaji, in kwan ya kama su ce waya lafiya. Kwan gwaji wuta kaɗan yake ja, zare ɗaya da ya rage a cikin waya ma ya isa ya kunna shi. Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne wanda ake yi lokacin da wuta ke gudana sosai, a sa tsinken mita ɗaya a farkon waya, ɗaya a ƙarshenta, abin da ya fito shi ne abin da wayar take cinyewa. Na yi haka a kan jar wayar da ke kai caji daga gaba zuwa baya na samu 0.8. Na yi tsakanin kan negetib na batirin ɗaki da jikin inji na samu 0.5. Da na bi baƙar wayar negetib ɗin da hannu sai na tarar an ɗaure ta a notin ƙafar kujera, a kan fenti, ƙarƙashin ledar ƙasa inda ruwan wankin mota ke taruwa. Da na kwance notin, tsatsa ta zubo mini a tafin hannu kamar garin barkono, bakin wayar kuma ya yi kore, robarsa ta ƙanƙance saboda zafi.

Jar wayar tsawonta ya kai mita 6, siririya ce mai kaurin murabba'in milimita 4, irin wadda ta dace da fitilun mota. Na yanko ɗan guntu na kankare zaren da wuƙa, sai fari ya bayyana a ƙarƙashin ja. Alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla. Na kira Alhaji na kunna masa laita a ƙarƙashin zaren, nan da nan suka lanƙwashe suka zube, alhali tagullar gaskiya ja kawai take yi ta tsaya. Irin wannan waya ta cika kasuwa saboda araha, tana da sauƙin nauyi a hannu, kuma tana tare wuta fiye da tagulla da kusan rabi. Ni dai ko a Sabon Gari ko a Ƙofar Ruwa zan sayi waya, sai na kankare bakinta a gaban mai kaya kafin na biya, kuma 'yan kasuwar kirki ba sa jin haushin haka.

Muka sa tagulla mai murabba'in milimita 25, muka matse bakunanta da kan waya na gaskiya maimakon murɗawa a naɗe da salatif, muka goge ƙarfen shasi da samfefa har ya yi ƙyalli kafin mu ɗaure negetib, sannan muka shafe wurin da giris. Da aka sake tayarwa mita ta nuna 14.0 a baya. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan mota shi ne babu fis ko ɗaya a kan wayar da ta ratsa ƙarƙashin kujeru kusa da dilolin atamfa. Wayar da ta haɗa batir biyu tana da wuta ta kowane ɓangare, don haka fis biyu take bukata, ɗaya daf da kowane batir. Aikin fis kare waya ne, kuma in ƙarfe ya ci robar wayar da ba ta da shi, batir zai iya tura ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido har waya ta yi ja wur. Ban taɓa barin mota ta fita daga shagona a haka ba, ko da mai ita zai ce kuɗinsa sun ƙare.

Kaurin waya lissafi ne, ba ra'ayi ba. Inbata mai wat 1000 a kan batir mai bolt 12 tana jan kusan amfiya 100 in ta ɗauki cikakken kaya, shi ya sa nake kafa ta kusa da batir gwargwadon iko, wayarta gajera mai kauri. Idan inbata tana ƙara tana mutuwa da zarar an kunna abu mai nauyi alhali batir a cike yake, na fi zargin wayarta kafin ita kanta.

Sai batun abin da ke raba batiran biyu. Dole a sami rile a tsakani, wanda zai haɗa su in inji na aiki, ya raba su in an kashe, in ba haka ba firji zai shanye batirin gaba cikin dare a wayi gari mota ta ƙi tashi a bakin kasuwa. Wanda muka fi sawa yana jin ƙarfin wuta da kansa, ya haɗa a wajen bolt 13.3, ya saki a wajen 12.8. Sai dai sababbin motocin Turai da yawa suna zuwa da altanetar da kwamfuta ke sarrafawa don rage shan mai, tana saukar da caji har ƙasa da 13 a kan tafiya, sai rile ya yi ta kamawa yana saki. Irin wannan mota caja ta musamman take so, wadda ke karɓar wuta daga batir ta ɗaga ta zuwa abin da ɗayan ke bukata. Haka nake yi wa duk wanda ya koma batirin litiyam. Shi litiyam a hutawarsa ma yana zaune a wajen 13.2 ko 13.3, don haka rile ba ya saki, ga shi kuma yana zuƙar duk abin da altaneta ta iya bayarwa, in mota na tsaye a cunkoson Kantin Kwari injin na juyawa a hankali, fankar altaneta ba ta isa ta sanyaya ta ba.

Zafin garinmu ma yana da nasa kason. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma ƙa'idar da masu ƙera batir suka sani ita ce duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwar batirin darma. Ruwansa yana ƙonewa da sauri, kuma tataccen ruwa kawai ake ƙara masa, domin ruwan ne ke tafiya, asid ɗin yana nan. Akwatin batir kuma sai an huda masa mafitar iska zuwa waje, saboda iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta, balle a motar da mutum ke kwana a ciki. Masu sola a rufin mota kuwa nakan tuna musu su riƙa goge ƙurar hunturu, kuma in za a haɗa kantarola, wato na'urar da ke daidaita cajin sola, a fara da batir kafin farantin sola.

Wahalar wannan sana'a a wurina ita ce mutane sun saba biyan kuɗin kayan da suka gani da ido, ba su saba biyan kuɗin bincike ba. Awa biyun da na yi ina bin waya a ƙarƙashin mota ba a ganinsu, shi ya sa wasu abokan aikinmu suke ganin ya fi sauƙi su ce a canza batir, kowa ya rabu lafiya, bayan wata uku a sake dawowa. Ni na zaɓi in faɗi kuɗin awo tun farko, in kuma sa mai mota ya tsaya ya karanta lambar mita da idonsa kafin gyara da bayansa.

Batirin Alhaji na uku mun ɗora shi a caja mai sanyin hannu kwana biyu, muka auna ruwan gidajensa shida da ma'aunin ruwan batir, duk suka taso kusan daidai da juna, ya koma bakin aiki. Na roƙe shi ya kawo tsofaffin biyun da ya ajiye a gida. Sun yi watanni a zube babu caji, farin gishirin da ke fitowa a batirin da aka bari haka ya riga ya daskare a kan farantansu, ko ɗaya bai karɓi wuta ba, sai masu sayen tsohuwar darma muka kira suka auna suka biya shi. A littafin shago na rubuta lambar motar da abin da mita ta nuna gaba da baya, na kuma ce masa ya dawo kafin zafin Maris mu duba ruwa mu sake matse notin shasi.