Allon da aka ɗaura bayan na yi tafiya

Ina da takardar izinin fakin ta mazauna unguwa, ta shekara guda, a manne a gilashin gaba. Inda nake ajiye mota babu fentin hani, ba ƙofar garejin kowa ba ne, ba kusa da kwana ba ne. Da wannan na kulle ta na yi tafiya hankali kwance. Na dawo na tarar an haƙe wurin, bututun ruwa a jibge a gefe, mota kuwa ko sama ko ƙasa.

Sata na fara kawowa a raina. Sai da na kira 'yan sanda, suka duba lambar, suka ce janwe ce ta ɗauke ta. Aka nuna mini dalili: wani ɗan allo da aka ɗaure da waya a jikin turken fitila, wai an dakatar da fakin a layin saboda aikin gyara. Ashe izinin mazauna ba ya aiki ranar da aka dakatar da wuri. Yana nan a rubuce cikin ƙananan haruffan bayan takardar, inda ba mai karantawa.

Wanda ba a taɓa ja wa mota ba yana zaton tara ɗaya ce. Uku ce. Akwai tarar laifin, akwai kuɗin janwe, akwai kuɗin kwanan mota a filin ajiya, kuma na ukun nan kullum garin Allah ya waye ƙaruwa yake yi. Motata ta riga ta yi kwanaki tana tara mini bashi ban sani ba. Na tsaya a gaban tagar mai karɓar kuɗi ina rantsuwa cewa ranar da na ajiye babu allon nan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni kuɗi nake karɓa. Ƙorafi ofishinsa daban." Gaskiyarsa. Duk daren da ka ƙara kana musu da wanda ba shi da ikon soke komai, a aljihunka zai ƙare. Ka fanshi motarka tukuna, ka karɓi rasit na kowane kuɗi daban, ka zagaya ta ka ɗauki hoton jikinta kafin ka fita daga ƙofar filin.

Tarar ce ke buƙatar lura. A wasu biranen biyanta tamkar amsa laifi ne, ƙofar ƙorafi ta rufe ke nan. Wasu kuma suna kwaɗaita maka rangwame, kamar a Ingila inda ake yafe rabi in ka biya cikin kwana 14. Mutane da yawa da ke da gaskiya nan suke sallamawa don a wuce wurin. Na tambaya ƙarara ko biyan da zan yi zai hana ni ƙorafi, aka ce a'a, na sa aka rubuta mini.

Hoto ɗaya ne ya cece ni, shi ma ba don wannan na ɗauke shi ba. Maƙwabcina na tura wa da safen da zan tafi don ya riƙa leƙa mini motar. Ga ta a tsaye, ga turken fitila a bayanta tsirara, babu allo babu waya, ga kwanan wata a jikin saƙon. Na haɗa shi da wasiƙa gajeriya, ban zagi kowa ba, duk da bakina cike yake. Tambaya ɗaya na yi: yaushe aka ɗaura allon, kuma ina rajistar motocin da aka tarar a wurin ranar? Ma'aikatan da ke ɗaura irin wannan allo sukan rubuta lambobin motocin da suka riga su zuwa, don kada a hukunta wanda bai ga sanarwa ba. Da aka buɗe rajistar, ga lambata. Washegarin tafiyata aka ɗaura shi. Wato a rubuce suke da shaidar cewa ban gani ba, aka kuma ja motar.

Ba na cikin masu cewa dokar fakin hanyar tatsar talaka ce kawai. Mitar fakin ta farko, wadda Carl Magee ya ƙirƙiro aka kafa a birnin Oklahoma na Amurka a 1935, an yi ta ne saboda ma'aikata suna mamaye ƙofar shaguna tun safe har yamma, masu sayayya su rasa wurin tsayawa. Marin da ake datse taya da shi ma, wanda 'yan sandan Denver suka fara amfani da shi a 1955, ya zo ne don a rage jan motoci zuwa filin ajiya inda ake lalata su. Titi na kowa ne, bututu kuma dole a gyara shi. Ban ce a bar motata a kan ramin ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne lambar wayata tana cikin fom ɗin da na cike na izinin. Da ita suke turo mini saƙo duk shekara cewa lokacin sabuntawa ya yi, ba su taɓa mantawa ba. Kira ɗaya, da maƙwabcina ya matsar da motar, makulli yana hannunsa. Kuɗin sun dawo bayan makonni, an soke tarar, amma yinin aikin da na rasa da kuɗin tasin zirga-zirga ba wanda ya ko ambace su a wasiƙar. Yanzu in zan yi tafiya sai na ɗauki hoton motar da turken da duk allon da ke layin, na bar makulli a hannun wanda zai riƙa duba turken nan kowace safiya. Na kuma rubuta musu ina tambayar me ya hana a kira mai mota kafin a kira janwe. Har yau ba amsa.